Mu gina gidan marayu, ko mu bar su a ɗakin iyayensu mata mu riƙa kai musu?

Ma'aji, Funtuwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma maganar tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Ni ke riƙe da littafin kuɗi na kwamitin marayu a masallacin Juma'ar unguwarmu. Aikinmu tun da can bai wuce wanda kowa ya sani ba. A zagaya da kwali lokacin tafsirin azumi, a yanko shadda da atamfa a kai wa tela, a raba masara da ɗan kuɗin cefane kafin Sallah, shi ke nan sai baɗi. Bana sai Allah Ya kawo wani attajirin unguwa, Allah Ya saka masa da alheri, ya ba da babban fili a bakin titi waƙafi saboda marayu, ya kuma yi alkawarin kuɗin gini. Abin da yake so a gina gidan marayu ne sosai: ɗakunan kwanan maza daban, na mata daban, madafa, azuzuwa, katanga da mai gadi. Har an kira mai zanen gini. 'Yan kwamiti kowa murna yake, ni kaɗai jikina ya yi sanyi, har wasu sun fara yi mini kallon mai baƙin ciki da alheri.

Littafin da ke hannuna ne ya sanyaya mini jiki. Yara 47 ke rubuce a ciki, kuma babu wanda ban san ƙofar da yake kwana ba. 39 daga cikinsu uwayensu na raye, ɗaki ɗaya suke kwana. Shida suna hannun kaka ko gwaggo ko baffa. Biyu ne kawai zan iya cewa ba su da wani tsayayye, yau suna wannan gida gobe suna wancan. To gadajen da za mu jera, da 'ya'yan wa za mu cika su? Da 'ya'yan matan nan ne, waɗanda suka riga suka rasa miji, yanzu kuma mu zo da sunan taimako mu kwashe musu yara.

Akwai wata baiwar Allah da ta zo daga wani ƙauye ta wajen Faskari bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a gona. A wani kango take zaune da yara uku, an toshe taga da buhu. Wankau take yi da surfe, da yamma babbar ta ɗauki awara. Da labarin ginin ya kai mata, da ƙafarta ta same ni a ƙofar masallaci, ta ce in rubuta sunan biyu, amma don Allah a bar mata autan. Na ce, baiwar Allah, kin gaji da su ne? Ta ce wace uwa ke gajiya da ɗanta, ai dai a can za su ci sau uku. Yaran nan ko takalmin kirki ba su da shi, amma suna da mai duba musu kai, wadda ta san wanda ke firgita cikin dare tun ranar da aka shigo ƙauyensu, wadda ke ba su labarin ubansu da inda gonarsa take. Abin da babu a kangon nan hatsi ne, da kuɗin haya, da na makaranta, da magani in damina ta kawo zazzaɓi. Kuma duk waɗannan muna iya kai mata har inda take.

Ga kuma lissafi, tunda shi ne aikina. Alhaji gini ya yi alkawari, bai ce zai riƙa biyan masu reno da mai dafa abinci da mai gadi da man janareta ba. Ko ya ce, rai na hannun Allah, kuma magada ba dole ne su ci gaba ba. Kwalin azumi da ƙyar yake kai mu ga kayan Sallah, ta ina zai ciyar da yara wata goma sha biyu? Ni abin da na kawo a zaman kwamiti shi ne, tunda filin bakin titi ne, a jera shaguna a ba da haya, a ware ɗaki ɗaya na ofis da darasin yamma, kuɗin hayar kuma a riƙa bin yaran da shi gida-gida kowane wata.

An ba ni amsa, kuma ba zan ce ƙarya aka yi ba. Na'ibin limaminmu ya ce kuɗin da aka miƙa cikin gida, baffa ne ke cinyewa ko sabon miji. Wani dattijo ya ce masu ba da sadaka gini suke son gani da idonsu, ranar da babu allo a bakin titi ranar kwali zai dawo wayam. Wani kuma ya ce yaron da ya tashi a kango ba uba, 'yan shaye-shayen unguwa ne za su yi masa tarbiyya.

Don haka nake roƙon wanda ya taɓa aiki da irin waɗannan gidaje ya gaya mini gaskiya, yaya yaran ke tashi? In an bar su a gida, ta yaya ake tabbatar da abin ya shiga cikin yaro? Malamai kuma, ya halatta a juya waƙafin da aka ba da da niyyar gidan marayu zuwa shaguna? Wata mai kamawa za a sake zama, ina son in je da hujja.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar walwalar jama'a, Kano:

Wa alaikumus salam. Malam Ma'aji, ka riƙe littafin nan naka da kyau, ya fi zanen ginin amfani.

Har na yi ritaya aikina ke nan, shiga gidajen yara da fita, na gwamnati da na masu zaman kansu. Ba zan zagi masu renon ba, yawancinsu mata ne masu tsoron Allah, albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata amma suna wanke kashin 'ya'yan da ba su haifa ba. Matsalar a tsarin take. Mace ɗaya da jarirai takwas ko goma, ta yi aikin safe ta tafi, ta dare ta karɓa, bayan shekara a yi mata canjin wurin aiki. Jariri ya yi kuka ba a ɗauke shi ba, ya sake ba a ɗauke shi ba, sai ya daina. Baƙo ya shigo ɗakin ya ji tsit ya ce ma sha Allah yaran nan ba rigima. Mu da muka san aikin, wannan shirun shi ke tsorata mu. Haka in kun je ziyara da buhunan shinkafa kuka ga yara sun rugo sun rungume ku, kowa na Baba, Baba, ku kan ji daɗi. Yaron da ke da uwa a gida, in ya ga baƙo bayan zanenta yake ɓuya. Wanda ke rungumar kowa, ba shi da nasa ne.

Ba hasashena ba ne kawai. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989 an tarar da yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati. A shekarar 2000 wasu masana daga Amurka suka fara wani bincike a Bukarest da yara 136 'yan ƙasa da shekara uku da ke irin waɗannan gidaje. Aka yi ƙuri'a, rabi aka ba da su riƙo ga iyalai da aka horar ake kuma tallafa musu, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da suka kai shekara huɗu da rabi aka auna kaifin basirarsu. Waɗanda aka bari a gidan marayu makinsu ya tsaya wajen 73, waɗanda aka ba da riƙo 81, yaran gari da ba su taɓa zama a can ba 109. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa. Shi ya sa ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 suka ce yaro ɗan ƙasa da shekara uku a cikin iyali ya kamata a rene shi, suka kuma ce talauci kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da iyayensa, alama ce ta cewa gidan na buƙatar tallafi.

Lissafin littafinka kuma ba baƙo ba ne. Ƙiyasin da ƙungiyoyin kula da yara ke yawan kawowa shi ne, cikin kowane yara goma da ke gidajen marayu a duniya, kusan takwas suna da uwa ko uba a raye. Dalilin kuwa kai ma ka gan shi a ƙofar masallacinku. Ko tubali ba a aza ba, uwa ta zo rubuta suna. Ranar da aka buɗe, har masu uba a raye za a kawo muku a rantse cewa marayu ne, kuma ba za ku iya ganin laifin kowa ba, yunwa ce. Ta fuskar kuɗi ma, wani nazari da Bankin Duniya ya kawo daga yankin Kagera na Tanzaniya ya nuna riƙe yaro ɗaya a gidan marayu ya ninka tallafa masa a hannun iyali wajen sau shida.

Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan ba jariran ba ne, manyan ne. Yaro ya kai shekara 18, an ce ya yi girma ya fita. Ya fita ina? Bai taɓa zuwa suna ko zaman makoki ba, bai san wa ake durƙusa wa ba, bai taɓa riƙe kuɗin cefane ba. Ya ga yarinya yana so, iyayenta su ce ya turo manyansa. Wa zai tura? Mace kuma a tsaya ana neman waliyyi, dangin miji na tambayar asali. Gonar ubansa kuwa, tunda shekara goma ba a ga ƙeyarsa a garin ba, ta daɗe da shiga hannun wani. Yaran matar nan ta Faskari, muddin suna tare da ita, duk ranar da aka samu zaman lafiya akwai mai nuna musu iyakar gonarsu.

Ku dubi Ruwanda, ƙasar da kisan ƙare dangi na 1994 ya bar ta da marayu ba adadi. Sun ƙirga suka samu yara 3,323 a gidaje 33, a 2012 gwamnati ta tsai da shawarar mayar da su cikin iyalai. Amma ba buɗe ƙofa suka yi suka ce kowa ya tafi ba. Sun ɗauki ma'aikata masu bin sawun dangi, suka shirya iyalan, suka kuma sa 'yan sa kai biyu a kowane ƙauye, mace da namiji, aikinsu leƙa gidajen. Wannan leƙen shi ne rabin aikin.

Ban ce a rushe kowane gida ba. Jaririn da aka tsinta a kwali da asuba dole a samu inda za a ajiye shi a daren, haka yaron da aka ƙwato daga hannun mai azabtar da shi. Amma masauki ne na ɗan lokaci, kuma wannan nauyin hukuma ne. Ku yara biyu ne matsalarku, ba 47 ba.

Ɗan riƙo, Kaduna:

Baba Ma'aji, Hajiya, ku gafarce ni, ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, don ni aka riƙa.

Ina shekara bakwai mahaifinmu ya rasu. Ranar sadakar arba'in aka raba mu kamar yadda aka raba tukwane: ni wajen baffa, ƙanwata wajen gwaggo a wani gari, jaririn ya bi mahaifiyarmu. Da ta gama takaba aka matsa mata ta yi aure, mijin kuma ya ce ba ya riƙon agola. A idon gari baffana ya yi abin yabo, har a masallaci ana misali da shi. A cikin gida kuwa ni ne mai ɗebo ruwa kafin asuba, ni ne mai tallan ƙuli, 'ya'yansa na aji ina bakin tasha. Sai kowa ya ci a miƙo mini ƙanzo. Wata ƙungiya tana kawo buhun masara da sunana duk azumi, da idona nake ganin ana auna shi a kai kasuwa. Masu kawowa ba su taɓa cewa a kira yaron su gan shi ba, a zaure ake karɓarsu a yi musu godiya. Gonar mahaifinmu an sayar kafin in san ciwon kaina. Ƙanwata an aurar da ita ba a ko tambayi mahaifiyarmu ba. Wallahi a lokacin da an ce mini ga gidan da ake cin abinci sau uku ana zuwa makaranta, da gudu zan tafi.

Saboda haka na'ibin limaminku bai yi ƙarya ba. Kuma binciken Romaniya da Hajiya ta kawo a kan jarirai ne, waɗanda aka ba riƙon ma an zaɓe su an horar da su ana biyansu. Akwai wani binciken na Jami'ar Duke da ya fito a 2009, a kan yara 'yan shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya, Habasha, Indiya, Kenya da Tanzaniya. Sun kwatanta na gidajen marayu da marayun da ke hannun dangi, suka ga na gidajen marayun ba su fi lalacewa ba, a wasu ma'aunan ma sun ɗan fi. Ni ban yi mamaki ba. Gidan dangin da ba mai leƙawa yana iya fin kowane gidan marayu muni.

Duk da haka ban ce ku gina ba. Da na girma na zauna na yi tunani, abin da ya cuce ni ba rashin gidan marayu ba ne. Raba ni da mahaifiyata aka yi saboda ba ta da abin ciyar da mu. Da buhun nan ita aka kai wa, da an biya mata hayar ɗaki, da ba ta yi auren dole ba, da mu uku mun tashi tare. Yau ni da ƙanwata kamar baƙi muke gaisawa.

In za ku yi na gida-gida, Baba, ga roƙona. Uwa ita ce farko, a hannunta za a sa, ba a hannun mazan dangi ba. Kada a raba 'yan ɗaki ɗaya. Kuɗin makaranta ku kai wa makarantar da kanku ku karɓi rasit, ku riƙa duba rajista ko yaron na zuwa, don na san gidajen da ake karɓar tallafi da sunan yaro alhali an tura shi almajiranci wani gari. Ku sa mata cikin kwamitinku, tunda ku maza zaure ne iyakarku, su kuwa har ƙuryar ɗaki suke shiga su ga inda yaro ke kwana. Su je ba tare da sanarwa ba, su keɓe da yaron su tambaye shi, su dubi bayansa da tafin hannunsa. Kuma ranar da kuka ga ana cutar yaro, kada kunyar dangi ta hana ku ɗauke shi.

Malamin zaure, Zariya:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ɗana na Kaduna, Allah Ya musanya maka da mafificin abin da aka ƙwace maka. Abin da aka yi da gonarku shi ne wanda aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kira cin wuta a ciki, ba kuma wani yabon masallaci da zai kankare shi.

Malam Ma'aji, maraya a shari'a shi ne wanda uba ya rasu bai balaga ba, don haka samun uwa a raye shi ne galibi, kuma shari'a ba ta bar wurin zamansa a duhu ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, reno haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin miji. In uwa ta rasu ko ta auri bare, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, a bi da bi. Al'adar da baffanni ke zuwa ranar arba'in su kwashe yara, al'ada ce, ba hukunci ba. Kula da dukiyar yaro daban, renonsa daban.

Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa yana shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi har shekara takwas, sannan baffansa Abu Ɗalib, mutum mai yawan iyali da ƙarancin dukiya. Hadisin da ya haɗa yatsu biyu ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya haka suke a Aljanna, bai sharɗanta gini ba. Wanda ya biya wa bazawara haya da kuɗin makarantar 'ya'yanta ya shiga ciki in sha Allahu. Aya ta 220 ta Baƙara ma cewa ta yi in kun cuɗanya da su, 'yan'uwanku ne.

Akwai abin da kwamitoci ke yawan tuntuɓe a kai. In cikin kwalinku akwai zakka, jumhurun malamai ba su yarda a sayi siminti da ita ba. Ta mutanen nan takwas ce da aya ta 60 ta Tauba ta lissafa, maraya kuma yana shiga ne ta ƙofar talauci, a mallaka masa ta hannun mai kula da shi. Don haka tsarin gida-gida ya fi dacewa da kuɗin zakka. Ku raba littafi biyu, na zakka daban, na sadaka da hayar waƙafi daban. A Malikiyya kuma ciyar da 'ya'yan ɗan'uwa ba ya cikin ciyarwar da alƙali ke tilastawa, shi ya sa mutum na iya ba su zakkarsa. Ku gaya wa masu hali na cikin dangin yaran wannan.

Batun waƙafi: sharaɗin mai waƙafi ana bin sa, kwamiti ba shi da ikon juya shi don ya ga dama. Amma Alhaji na raye, ba a aza tubali ba, kuɗin ginin ma alkawari ne bai fita daga hannunsa ba. Ku duba lafazin da ya yi a gaban shaidu. In cewa ya yi fili ne saboda marayu, ƙofa a buɗe take. In ya ƙayyade gidan kwana, ku kai wa alƙali ko malaman garinku tare da shi. Ku je masa da ladabi, da littafin nan a hannu. Sadaka mai gudana yake nema, kuma shagon da hayarsa ke ciyar da marayu bayan ransa shi ne ainihin yadda magabata suka yi waƙafi. In allo ake so, a kafa a saman shagunan.

Yara biyun nan kuwa, a nema musu gidan kirki. Sharaɗi dai kada a canja musu sunan uba, Suratul Ahzab ta hana. Ba sa gadon mai riƙo, amma yana iya yi musu kyauta yana raye ko wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. In akwai wanda bai kai shekara biyu ba, matar gidan ta shayar da shi, ko sau ɗaya ne a mazhabarmu ya zama muharrami. In sun wuce nan, a kiyaye hijabi da wurin kwana idan sun girma.

Ma'aji, Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Akaramakallahu, na tambayi wanda ya rubuta takardar waƙafin, lafazin "saboda marayun unguwa" ne, gidan kwana a baki aka faɗe shi daga baya. Maganar raba littafin zakka kuma daga wannan watan zan fara.

Ɗana na Kaduna, maganarka ta fi ta kowa tsaya mini a rai, don mu ma a zaure ake karɓarmu. Yara shidan da ke hannun dangi, in ban da ranar rabon kayan Sallah ban taɓa zama da ɗayansu ba. Na yi magana da shugabar Islamiyyar matan aure, ta ce za ta ba mu mata huɗu masu hankali da riƙe sirri. Zan nemi izininka in karanta abin da ka rubuta a gaban kwamiti, ba tare da na ce daga ina ba. Na'ibi zai ji an gaskata shi, ni ma an gaskata ni, sai mu ga inda za a haɗu.

Hajiya, saura yara biyun. Mace ce 'yar wajen shekara tara da ƙanenta ɗan biyar, tare da wata tsohuwa suka zo gudun hijira, ita kuma ta rasu bara. Akwai wani malamin firamare da matarsa, Allah bai ba su haihuwa ba, sun nuna suna so. Mu miƙa musu kawai a gaban liman, ko akwai hanyar da ake bi?

Hajiya, Kano:

Kada ku miƙa a gaban liman kawai, Malam Ma'aji, ko da mutanen kirki ne. Ku fara da mai unguwa, sannan ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, a buɗe wa yaran fayil. Kafin a yi maganar riƙo sai an nemi danginsu tukuna. Yarinya 'yar shekara tara ta san sunan ƙauyensu da na ubanta, wataƙila har na kawunnanta. Mace ta zauna da ita a hankali ta tambaye ta, sannan a aika ta hannun dagacin yankin da 'yan garinsu da ke gudun hijira a nan Funtuwa. Sau da yawa akan samu wata inna tana can tana nemansu.

In an nema ba a samu ba, ko an samu ba mai iya riƙewa, ma'aikacin walwala ya je ya ga gidan malamin, ya ji ta bakin matar ita kaɗai, don ita za ta yi wahalar, ya ji ta maƙwabta. A yi takarda a kotu da sunan mahaifinsu, su biyun tare, kada a ɗauki namijin a bar macen. A tambayi yarinyar ko tana so, a bar su su riƙa zuwa wuni kafin su tare. Ku karɓar musu takardar haihuwa a ofishin hukumar ƙidaya. Matan nan huɗu kuma su sa gidan malamin cikin waɗanda za su riƙa leƙawa, daidai da sauran.